Gilashin Mamana Ya Tsage

Jama'a, ina yi muku sallama. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn nan da ta rubuto cewa in daina raki a waya kamar ba magidanci ba. Hajiya, na gode. Amma ki bari sai ranar da kika ɗaga kai kika hango 'yar cikinki a cikin kwandon ƙarfe tana lilo a jikin bene, sannan ki dawo mu yi magana.

Ga waɗanda yau suka fara karantawa: ni tela ne, shagona yana ƙofar gidana. Karatuna bai yi nisa ba, in kun ga kuskure ku yi haƙuri. Babbar 'yata injiniya ce. Sunan mahaifiyata gare ta, shi ya sa nake ce mata Mamana. Aikinta shi ne rufe jikin manyan gine-ginen zamani, duk gilashi da alminiyam ɗin nan da kuke gani suna walƙiya daga ƙasa har sama. Saurayinta kuma, wanda ƙannenta suka laƙaba wa Dogo, shi ne injiniyan da ya lissafa ginshiƙai da rodi da dekin, wato kankaren da ke raba hawa da hawa, na ginin da suke aiki a kai. A can suka haɗu. Ita da bakinta take cewa, "Baba, shi ƙashi, ni fata." An sa musu rana, har na fara yankan kayan biki.

Ginin nan kuwa, in ka gan shi sai ka ce maginin bai da lafiya. Hawa-hawan sama sun turo kai waje sun rufe gefen titi, babu ginshiƙi ko ɗaya a ƙarƙashinsu, kamar bakin hular hana-salla. Ranar da na fara ganinsa tsallaka titi na yi na bi ta ɗaya gefen. Mamana ta yi ta dariya har da riƙe ciki.

To, ranar da zan ba ku labari, ina cikin shago da rana tsaka ina jan alli a kan yadinta mai ruwan zuma, sai na ga inuwa a bakin ƙofa. Mamana ce. Ba ta taɓa dawowa a irin wannan lokaci ba. Takalman aikinta masu nauyi na ƙafarta, rigar nan mai walƙiya tana bisa doguwar rigarta, mayafinta ya karkace, hular kwano a hannu. Ta yi sallama can ƙasa-ƙasa.

Uwarta ta leƙo daga cikin gida da ludayi a hannu. "Ke lafiya? Ko zazzaɓin amare ne ya fara tun yanzu?"

"Gilashi ne ya tsage, Umma."

"To a canza mana! A kan gilashi kika shigo min da fuska kamar an aiko miki da mutuwa? Cire wannan takalmi, kin kwaso min siminti."

Ta koma kicin abinta. Ni kuwa na san 'yata. In ta fara murza zoben hannunta, magana ce babba. Na ture yadin na nuna mata bencin da masu kawo ɗinki suke zama.

"Faɗa min yadda zan gane," na ce mata.

Ta ce, "Baba, in aka kawo maka ɗinkin yaro, daidai jikinsa kake yanka?"

"Wa zai yi haka? Ana barin rara. Yaro girma yake."

"To gini ma ba a tsaye yake cak ba. Kowane fallen gilashi rataye shi muke a bakin dekin ɗin da ke samansa, kamar labule. Shi kuma dekin, musamman irin wanda ya fito waje ba abin da ya tokare shi, a hankali yake sunkuyowa saboda nauyi. Kaɗan-kaɗan, ido ba ya gani. Mai lissafin ƙashin gini shi zai gaya min iyakar inda zai sauko, ni kuma in bar rara tsakanin gilashi da gilashi, a cusa roba a wurin. Dekin ya sauko abinsa, gilashi bai ji ba."

"Kuma kin bari?"

"Na bari, har da ƙari."

"To me ya cinye rarar?"

"Lambu."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Ashe mai ginin ne ya yi tafiya ya gano wani bene da itatuwa a kansa, ya dawo ya ce shi ma lallai sai an yi masa lambu, kuma a can bakin hular yake so, inda za a hango daga titi. Aka tambayi Dogo ko wurin zai ɗauki ƙasa da tukwanen siminti da ruwan ban-ruwa. Ya lissafa ya ce zai ɗauka.

"Kuma gaskiya ya faɗa, Baba. Zai ɗauka, ginin ba zai faɗi ba. Amma ya duba karyewa ne kawai, bai sake duba sunkuyowa ba. Yanzu dekin ya sauko ya zauna a kan gilashina. Wanda ya tsage yau na farko ne. Na auna sauran layin, duk rarar ta ƙare."

"Ke ba ki ga ana hawa da ƙasar ba?"

Nan ne idonta ya kawo ruwa. "Na gani. Na kira shi a waya. Yana dariya ya ce, 'Amarya, ƙashina ne fa, ki kwantar da hankalinki.' Ni ma na yi dariya na kashe waya. Baba, da wani ne ba shi ba, wallahi ba zan bari a ɗora buhu ɗaya ba sai ya turo min sabon lissafi na gani da idona. Haka ake yi. Haka nake yi wa kowa."

Sai ta gaya min sauran. Mai ginin ya kira taro washegari da safe, kowa da kowa. Ɗan kwangila ya riga ya fara yaɗa cewa masu gilashi ne suka ɗaura ba daidai ba. In ta yi shiru, laifi ya zauna a kanta, a canza fallen, wataƙila a cire ta daga aikin, sauran gilasan kuma su ci gaba da shan matsa har ranar da Allah ya nufa. In ta buɗe baki, sunan Dogo ne zai faɗi. Wannan ne babban gininsa na farko, kuma ogansa mutum ne da ba ya ɗaukar laifin kowa, ko nasa.

Na zauna da alli a hannu kamar wanda aka dasa. Ni da ko lissafin kuɗin lantarkin shagona sai na kira maƙwabci.

Ban san ta yadda maganar ta fita ba. Kafin la'asar ta yi sanyi sai ga mota a ƙofar gida. Yayata ce, wadda ta riƙe ni tun ina ƙarami, muke ce mata Yaya Babba, tare da mahaifiyar Dogo. Ita uwar Dogo ta sha leshi ruwan toka da mayafi mai duwatsu, turarenta ya riga ta shiga falo. Yaya kuwa ko ɗankwalinta ba ta tsaya ɗaurawa da kyau ba. Matata ta kawo lemo da ruwa a tiren baƙi, wanda ba a taɓa shi sai ranar girma. Mamana ta gaishe su ta shige ɗaki.

Aka gaisa, aka sake gaisawa. Uwar Dogo ta yaba labulen falo, ta tambayi ciwon bayana. Sannan ta ajiye kofi a hankali.

"Malam, ai mun zama ɗaya yanzu. Yaron nan tun da ya dawo bai sa komai a bakinsa ba. Ni ban san aikinsu ba, amma an ce min magana ce da in an bar ta a kan gilashi, za ta tsaya a kan gilashi."

Na ce, "Hajiya, ai yaran sun fi mu sanin..."

"Kai tela, rufe min baki!" in ji Yaya. "Sun fi mu sanin me? Gilashi ne fa, ba ran mutum ba. Kofi nawa ka fasa min kana yaro, na kai ka kotu?"

"Yaya, wannan a saman titi yake."

"To sai me? Ba an ce ginin ba zai faɗi ba? Ka saurare ni. Ita in an cire ta a aikin, ɗakin mijinta za ta, ta huta da hawan bene kamar ƙadangaruwa. Kai ba kullum kake kiran waya kana min kukan tsoron kar ta faɗo ba? Ga shi Allah ya kawo maka sauƙi har gida. Shi kuwa in aka ɓata masa suna, wa zai sake ba shi ko ginin kejin kaji? Me za su ci? Gilashin?"

Jama'a, ba zan ɓoye muku ba, maganar tsoron nan ta shige ni. Sau nawa na roƙi Allah ya sauko min da yarinyar nan ƙasa, ya ba ta aikin tebur da kujera? Sai ga shi an miƙo min, amma a cikin wane irin kwano.

Uwar Dogo ta gyara mayafi ta ce, da murya mai laushi, "Ni dai tsorona ɗaya. Mace ta tsaya gaban maza ta nuna mijin da za ta aura da yatsa, ko shi ya haƙura, danginmu ba za su manta ba. Ban ce komai ba fa, Malam. Tsoro na faɗa."

Ba ta ce komai ba, amma duk wanda ke falon ya ji abin da ta ce.

Da suka tafi, matata tana kwashe kofuna ba ta dube ni ba. "Kai dai ka san masu zuwa nawa suka juya da suka ji aikinta. Wannan ya ce ba ya son mace mai hular kwano, wancan ya ce ta fi shi albashi. Wannan ne kaɗai ya tsaya, kuma tana son sa. Ka ga yadda take in wayarsa ta shigo." Ta tsaya a bakin ƙofa da tire. "Ban ce ka sa ta ƙarya ba. Shiru ai ba ƙarya ba ne."

Bayan magariba na ƙwanƙwasa ɗakin Mamana. Tana zaune a ƙasa, ta jingina da gado, kwamfutarta a buɗe da zane-zanen da ban san kansu ba. Abincin da aka kai mata yana nan a rufe. Ta miƙo min wayarta. Saƙonnin Dogo ne a jere.

"Kin ci abinci?"

"Wallahi ban san Hajiya za ta zo gidanku ba."

"Ki ɗauki waya don Allah."

"Na sake lissafin."

A ƙarƙashin wannan ne kaɗai ta ba shi amsa: "Me ka samu?"

Ina riƙe da wayar na ga alamar yana rubutu. Ya tsaya. Ya sake farawa. Muka zuba wa wayar ido ni da ita kamar masu jiran likita. Can sai ga saƙo ya shigo: "Oga ya ce kar in yi magana da kowa sai gobe."

Ta karɓi wayar ta kife ta a kan kafet.

"Baba, tun da nake ban taɓa tsallake maganarka ba. Da ka ce in yi karatun nan na yi, da ka ce kar in karɓi aikin nesa na bari. Kaina ya kulle. In na tuna shi sai in ji ba zan iya ba, in na tuna titin nan sai in ji ba zan iya ɗayan ba. Kai za ka faɗa min. In ka ce in yi shiru, wallahi zan yi shiru."

"Mamana, ni me na sani? Ni tela ne."

"Kai ne ubana."

Na ce mata ta ci abinci. Abin da na iya ke nan, uba guda, in ce a ci abinci.

Da safe ta fito cikin doguwar riga baƙa da farin mayafi, ba kwalli ba hoda, ta ce in raka ta. Na sa rigata mai ruwan sararin sama, na ɗauki hula. Matata ta bi mu har ƙofa tana kallona, kallon da ya fi magana tsawo. Muna cikin mota saƙon murya na Yaya ya shigo. Na kara a kunne: "Tela, in ka bari yarinyar nan ta kashe aurenta, kar ka sake tako min gida." Na mayar da wayar aljihu. Mamana ba ta tambaya ba.

Da muka isa, na ga an zagaye gefen titin da ke ƙarƙashin bakin hular da igiyar leda mai ja da fari. Mamana ce ta sa aka ɗaura tun jiya. Amma wurin ne kaɗai mai inuwa a duk layin, ga tashar mota a gabansa. Mutane sun ɗaga igiyar sun shige abinsu. Mai gyaran takalmi ya baza kayansa. Wata mata da goyo tana tsaye tana jijjiga shi, ta zame zanin goyon don ɗan ya sha iska, kansa ko gashi bai gama fitowa ba.

Ban san lokacin da na ƙarasa ba. "Baiwar Allah, don Allah ki matsa daga nan. Gilashin sama ne ba lafiya."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Baba, kai ne mai benen?"

Mai gyaran takalmi ya ce, "Alhaji, in ya faɗo ma ai ba kanmu zai fara ba, kai ka fi mu tsawo." Aka kwashe da dariya. Mai gadi ya zo ya kore su, muna juya baya suka dawo.

Aka ba ni hular kwano da ta yi min yawa, tana rufe min ido. Muka shiga lif. Cikina ya tsaya a ƙasa, ni na yi sama. A wani hawa na tsakiya Mamana ta tsayar da mu, ta kai ni jikin bangon gilashi, ta ɗaga wata roba baƙa da ke tsakanin falle biyu.

"Sa yatsanka, Baba."

Na sa. Ya shige har gaɓa.

Muka hau can sama, inda ginin ya turo kai waje. Ban yarda na kalli ƙasa ba. Ta sake ɗaga robar, a nan ta lanƙwashe ta fito kamar harshe. Na sa yatsa, babu wuri. Na gwada farce, bai shiga ba. Gefe guda ga wanda ya tsage, an manne shi da faffaɗan salatif, tsagar ta taso daga kusurwar sama ta bazu kamar jijiyar ganye. Sauran kuwa lafiya lau a ido, suna sheƙi, har ina ganin fuskata a ciki da hular da ta karkace. A saman kanmu ina jin ƙarar ruwa. Mai lambu ne yake ban-ruwa, ba wanda ya ce masa ya daina.

Sai na yi kuskure na dubi ƙasa. Can ƙasa, ƙanana kamar tururuwa, ga su nan a cikin inuwa. Na gane zanin matar nan.

Ɗakin taron yana hawa na ƙasa da wannan. Manyan mutane suna ta shiga, wasu da kwat, wasu da manyan riguna, kowa da waya a kunne. Mamana ta tsaya a bakin ƙofa ta rungume kwamfutarta a ƙirji kamar ranar da na fara kai ta makaranta.

"Baba?"

Na tuna Yaya. Na tuna matata da tire a hannu. Na so a ce wani ne ubanta, wani mai ilimi, wanda zai san wata hanya ta uku. Na duba ko'ina a cikin kaina, babu.

"Mamana," na ce, "ki faɗi abin da kika auna. Ki faɗi har da wayar da kika yi masa, da dariyar da kika yi. Kar ki rage nasa, kar ki rage naki."

Ta runtse ido, hawaye ya gangaro guda. Ta share da gefen mayafi, ta gyaɗa kai ta shiga. Kar ku ce na yi jarumta. Ji na yi kamar na tura ta cikin rijiya da hannuna.

Ina nan tsaye sai ga Dogo ya fito daga lif, shi da ogansa. Rigarsa duk ta yamutse, idanunsa jajur. Da ya gan ni sai ya saki jakarsa ya durƙusa har ƙasa, a gaban kowa, kamar yadda ya saba yi a ƙofar shagona.

"Baba, ina kwana. Ka zo."

"Na zo, ɗana."

Ya ɗago ya dube ni. "Baba, ni dai ina so ka sani, duk abin da..."

"Injiniya, ana jiranmu," in ji ogan, ya dafa masa kafaɗa, dafawar da ba ta lallashi ba. Dogo ya miƙe, ya ɗauki jakarsa, aka rufe ƙofa.

Bangon ɗakin gilashi ne tun daga ƙasa har sama, mai kauri. Ina ganin kowa, ba na jin ko tari. Mai ginin ya yi magana yana buga tebur. Ɗan kwangila ya yi tasa yana nuna Mamana da biro. Sai na ga ta miƙe. Ita kaɗai ce mace a ɗakin. Ta buɗe kwamfuta. Ba ta kalli inda Dogo yake ba. Bakinta ya fara motsi.

Ogan ya sunkuya ya raɗa wa Dogo wani abu a kunne, ya danne masa hannu a kan tebur. Wayata ta fara ruri a aljihu, na san Yaya ce, ban taɓa ta ba. Na matsa har hular kwanona ta bugi gilashin.

Dogo ya zare hannunsa. Ya ture kujera baya, ya miƙe tsaye tun Mamana ba ta gama ba, duk ɗakin suka juya suna kallonsa. Ita ma ta yi shiru ta juyo.

Ya fara magana yana nuna ƙirjinsa da yatsa. Na manna kunnena a jikin gilashin nan kamar mahaukaci, sanyinsa kawai nake ji.